Shekarar da Na Faɗi Sunan Yayarku

Na san abin da ake gaya muku a hanyar makaranta. Ana ce muku ubanku ne ya sa aka goge sunan Allah don ya faranta wa mutanen ƙetaren rafi. Kun tambayi mahaifiyarku, ta ce ku tambaye ni, ni kuwa in na buɗe baki a kan wannan magana sai harshena ya yi nauyi. Shi ya sa na zauna nake rubutawa. Hannuna ba ya sauri, domin da furfura a gemuna na shiga ajin yaƙi da jahilci, amma takarda ba ta katse mutum, kuma ba ta kallon idonsa.

A shekarar da abin ya faru ni ne shugaban ƙungiyar manoman garinmu. Ba don ilimi aka zaɓe ni ba. An ce ina iya zama tun hantsi har azahar ina sauraron mutum biyu suna jayayya a kan iyakar gona ban miƙe ba. Ƙungiyar ta haɗa mu da mutanen ƙetaren rafi, wato su Tanko. Kakanninsu ba su musulunta ba, su kuma yanzu coci suke zuwa, amma Hausa ɗaya muke yi, gonakinmu kuma a manne suke, ba ka gane inda geron wani ya ƙare sai ka ga layin gamba. Tanko abokina ne tun muna kiwon awaki. Duk inda muka haɗu sai ya ce, "Shugaba, yau wane harafi aka cinye?" Ni kuma in ce masa ya bari in gama, zan ɗauke shi ɗalibi kyauta saboda tsufansa. Gidansu sun fi kowa iya haɗa takin gargajiya. Da rani jakunanmu a ƙofarsu suke wuni da mangala.

Yayarku a lokacin tana karatun kwamfuta a Bici. Aka ce kowane ɗalibi ya gina wani abu mai amfani, ita kuma ta ce za ta gina wa ƙungiyarmu shafuka a intanet, inda duk mai waya zai duba lokacin shuka da irin da ya dace da maganin tsutsa. Ta zo hutu da kwamfutarta, ta zauna a inuwar darbejiya a tsakar gida, na jawo tabarma kusa da ita. Haruffan allon sun fi na littafinmu ƙanana, amma ina bin su da yatsa ina haɗawa.

"Baba, ka ga wannan na sama? Shi ne kan shafi. Ga sunan ƙungiya, ga hoton zangarniyar dawa. Sau ɗaya na yi shi, na ajiye a wuri guda. Kowane shafi in zai buɗe, sai ya je ya ɗauko shi ya ɗora a kansa."

"Me ya hana ki yi wa kowanne nasa?"

"In na yi haka, ran da kuka canja shugaba sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gyarawa, kuma dole in manta wani."

"Ashe har kin fara shirin tsige ni."

Mahaifiyarku tana tankaɗe a bakin madafa, ta ce ita dai abin da ta fahimta shi ne hula ɗaya ce za a riƙa sa wa gari duka, Allah Ya sa babu mai ƙwarƙwata. Muka yi dariya. Daga nan na ce wa yayarku akwai abin da ya rage. Ni ban taɓa sa garma a ƙasa ban yi bisimilla ba, ban ga dalilin da aikin ƙungiya zai fara da hoton dawa ba. Na ce ta rubuta bisimilla da Larabci a can sama da komai. Sai ta ce:

"Baba, duk abin da na sa a nan zai hau kan kowane shafi, har waɗanda ba a yi ba tukuna."

"Ai shi ne alherin. Kowane shafi ya samu albarka."

Ta sa. Rubutun ya fito fari a kan kore, ya yi kyau ƙwarai. Kafin ta koma makaranta ta ba wa wasu masu karatu a cikinmu izinin ƙara shafuka, kowa a kan abin da ya sani. Ta nuna musu cewa na ƙasa kaɗai za su iya rubutawa, kan shafin ba ya hannunsu. Cikinsu akwai Ishaya ɗan Tanko, wanda ya yi karatun aikin gona, ya dawo gida ya yi aure, matarsa na da goyo. Da bazara ta kusa, Ishaya ya rubuta shafi a kan yadda ake ruɓar da kashin dabbobi ya zama taki. Ya sa hotonsa yana tsaye a kan tulin takin gidansu, da takalmin roba da shebur, yana murmushi.

Ban ga shafin ba sai ranar wata Laraba. Na dawo daga ajinmu da hantsi, littafina a hammata, na biya shagon Habu mai cajin waya. Samari sun cika bencin, suna magana da ƙarfi, da suka hango ni sai suka yi tsit. Habu bai amsa sallamata da kyau ba, ya miƙo mini wayarsa kawai. Wani ya ɗauki hoton shafin kamar yadda yake fitowa a waya. A ƙaramin gilashin nan babu tazara ko ta yatsa: ga bisimilla a sama, ga kan Ishaya a ƙarƙashinta, ga tulin kashin shanu, ga takalmansa a ciki. A ƙasan hoton an yi rubutu. Na tsaya na haɗa shi harafi bayan harafi a gabansu, ba wanda ya taimake ni. An rubuta cewa ga abin da ɗan Tanko ya yi wa sunan Allah, duk mai kishin addini ya tura wa wani, kuma a haɗu bayan sallar Juma'a. Tun da na fara koyon karatu ban taɓa fatan a ce ban iya ba sai ranar.

Na ce wa Habu, "Wa ya rubuta wannan?"

"Baba, ni ma turo mini aka yi. Ya kai Tofa, ya kai ƙauyukan gaba. Wani ɗan'uwana a Rijiyar Zaki ma ya kira ni yana tambaya."

Ku ba ku san irin wannan tsoro ba, ina kuma roƙon Allah kada ku sani. Na taɓa jin labarin garuruwan da magana irin wannan ta tashi, na san ba a tsayawa tambaya, kuma waɗanda suke zuwa ba 'yan garin ba ne, ba su san wa ya ba wa wa iri a shekarar fari ba. Na manta keken da na jingina a shagon, na tafi ƙetaren rafi da ƙafa.

Gidan Tanko kullum akwai hayaniyar yara da kaji. Ran nan ko turmi babu mai taɓawa. Mata suna ƙulle kaya a zannuwa. Tanko yana zaune a kan kututture a gindin rumbu, bai ce mini shugaba ba, bai tambayi harafi ba. Ishaya ya fito daga ɗaki.

"Baba, wallahi ban rubuta shi ba. Ban ma iya Larabci ba. Ni na ƙasa na rubuta, na sama da kansa ya zo. Na nemi in cire shi da na ji magana, babu hanya."

"Na sani," na ce.

Tanko ya ɗago ya dube ni.

"Ka sani. To mu ma mun sani. Saura su."

Bai roƙe ni komai ba. Da ya roƙa da ya fi mini sauƙi. Ya ce matan da yara za su tafi wajen dangi, Ishaya kuwa ya ƙi tafiya, wai in ya gudu ya amsa laifin ke nan, kuma za a huce a kan tsoho. Ina fitowa matar Ishaya ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, jaririn yana barci a bayanta.

A hanyar komawa ne na fahimci inda na tsaya. Gaskiyar da za ta wanke Ishaya a hannuna take, amma in na faɗe ta, tambaya ta gaba ita ce wa ya yi kan shafin. Amsar kuwa 'yata ce, budurwa, ita kaɗai a ɗakin haya a Bici, kowa ya san hanyar da take bi zuwa makaranta. Na isa gida na tarar mahaifiyarku ta riga ta ji. Muka kira yayarku a waya. Ta ce ta gani, kuma za ta iya cire rubutun yanzu-yanzu, in ta cire a wuri ɗaya ya fita daga ko'ina.

"Cire," in ji mahaifiyarku. "Cire ki kashe wayarki."

Na ce ta dakata. In ya ɓace a ɓoye, hoton da ke yawo ba zai ɓace ba. Za a ce Ishaya ne ya sa, ya ji tsoro ya goge, kuma ba mu da sauran abin nunawa. Mahaifiyarku ta ajiye wayar a kan tabarma, ta matso har ina jin numfashinta. Ba ta ɗaga murya ba, saboda kuna wasa a waje.

"Malam, ɗan wani za ka fansa da tawa?"

"Ba fansa ba ce. Zan ce ni na sa a rubuta, gaskiya ce kuma."

"Kai da kake bin harafi da yatsa? Wa zai yarda kai ka gina abin nan? Za su tambaye ka, kai kuma ba ka iya ƙarya ba. Na zauna da kai, na san ba ka iya ba."

Na ɗauki wayar na tambayi yayarku ko ta ji abin da uwarta ta ce. Ta ce ta ji. Na ce me ta gani. Ina jin ƙarar babura ta bayanta. Sannan ta ce ba za ta taɓa komai ba sai na kira ta, kuma tana jin tsoro. Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta ce in faɗa ba, ba ta ce kada in faɗa ba.

Washegari bayan la'asar na je zauren Liman. Na so in same shi shi kaɗai, amma labari ya riga ni, zauren ya cika har waje, akwai fuskokin da ban taɓa gani a garinmu ba. Liman tsoho ne, idonsa ya yi rauni, kuma ba mai gaggawa ba ne. Ya sa aka ba ni wuri a gabansa. Na fara bayani na rikice. Na ce kan shafi, na ce wuri guda, na ce ɗaukowa, na ga babu wanda ya gane, ni kaina na daina gane abin da nake faɗa. Wani daga baya ya ce a bar ɓata lokaci, hoto ai ba ya ƙarya. Sai na dubi inda muke zaune, na ce:

"Allah Ya gafarta Malam, kamar zauren nan ne. Mai gida ne ya gina shi sau ɗaya. Duk ɗakin da za ka shiga a gidan, ta nan za ka bi. Wanda aka ba ɗaki a ciki, ɗakinsa kaɗai yake shiryawa, ba shi ya rubuta abin da ke bangon zaure ba."

Liman ya kira Habu, ya ce ya buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya ya faɗa masa abin da ke sama. Habu ya buɗe na gero, ya ce bisimilla. Na gyaɗa, bisimilla. Na maganin tsutsa, bisimilla. Wani saurayi mai jan rawani, baƙo, ya ce wannan ba hujja ba ce, ɗan Tanko ya ga ana sawa ne shi ma ya kwafa ya ɗora a kan ƙazanta da gangan. Mutane suka yi guna-guni, na ji zauren yana komawa wajensa.

"To wa ya gina zauren?" in ji Liman.

"Ni na ce a rubuta bisimillar."

"Ba wanda ya ce na tambaya ba. Wanda ya gina."

"Malam Sale da ya fara a, ba, ca bana, shi zai gina intanet?" wani ya faɗa daga waje. Aka yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi.

Kun san yayarku ita ce 'yar farina. Tun ranar da aka raɗa mata suna ban taɓa kiran sunan da bakina ba, haka muka tarar iyayenmu suna yi. Yarinyar nan nake cewa, ko in ce ke. Na ce 'yata ce, na so in tsaya nan. Amma saurayin nan ya ce wace 'yar, a faɗi suna, kada a ɓoye wani a bayan wani. Na ga wayoyi a ɗage suna ɗaukata. Na tuna hanyar da take bi zuwa makaranta. Na tuna jaririn da ke barci a bayan uwarsa. Sai na faɗi sunan, cikakke, da nawa a haɗe. Ya fito daga bakina baƙo, kamar na wata. Tsofaffin da ke wurin suka sunkuyar da kai, su sun san abin da na yi.

Liman ya ce a kira ta. Habu ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. Ta yi sallama, ta gaida Liman.

"'Yata, babanki ya ce abu ɗaya ne yake hawa kan shafuka duka, kuma a hannunki yake. In haka ne, ɗauke sunan Allah daga wurin, domin bai kamata a bar shi inda ba a san abin da za a ajiye a ƙarƙashinsa ba. A madadinsa ki rubuta abin da zan faɗa miki yanzu, wanda ba wanda ya san zan faɗa. Rubuta: Liman yana ciwon gwiwa."

Wasu suka yi 'yar dariya, suka kuma haɗiye ta. Ta ce to. Muka zauna jira. Sabis ɗin garinmu kun san halinsa. Habu yana ta dannawa, abin yana ta juyawa, shafin ya yi fari fat babu komai. Saurayin ya ce ga shi nan, ana wasa da hankalin mutane. Wani a waje ya fara kiran a tashi. Ni dai ina kallon farin gilashin ina karanta duk addu'ar da na sani, ina tunanin in bai fito ba na ba da sunan 'yata a banza, kuma ban ceci kowa ba. Ban san tsawon lokacin ba.

Sai kore ya dawo. Habu ya miƙo mini, ban san dalili ba, wataƙila don ni ne mafi kusa. Na bi da yatsa na karanta da ƙarfi: Liman yana ciwon gwiwa. A kan shafin gero ke nan. Kowa ya zaro wayarsa. Na gyaɗa, haka. Na tsutsa, haka. Liman ya ce a buɗe na ɗan Tanko, a kuma ba saurayin nan ya karanta da kansa. Ya karɓa, ya daɗe yana kallo, sannan ya karanta a hankali. Ga Ishaya a kan takinsa da shebur, ga ciwon gwiwar Liman a samansa.

Liman ya ce wanda bai rubuta ba ba shi da laifi, wanda ya rubuta da kyakkyawar niyya bai hango ba, ya nemi gafarar Allah, mu ma duka mu nema. Ya ce gobe zai faɗi haka a huɗuba, kuma duk wanda ya taka ƙetaren rafi da mugun nufi ya sani shi ya taka. Ya faɗa ɗin. Bayan an idar da Juma'a na tsaya a bakin rafi tare da wasu dattawa har rana ta yi sanyi. Babura sun zo daga nesa, sun tsaya, an yi musu bayani, wasu sun yi zagi, suka juya. Ba a jefa ko dutse ɗaya a gidan Tanko ba.

A namu gidan aka jefa. Kun tuna ƙarar da kuka riƙa ji a kan kwano, muka ce muku 'ya'yan darbejiya ne. Hoton farko ya yi nisan da bayanin Liman bai kai ba, na biyun kuma, mai motsi, wanda aka ɗauka a zauren Liman, an yanke shi an bar wurin da na ce ni na sa a rubuta da wurin da na faɗi sunan. Kafin girbi ƙungiya ta zaɓi wani shugaba, ban yi jayayya ba. Ishaya ya kai ƙarshen damina, sannan ya kwashe iyalinsa ya koma birni, ya ce ba ya iya barci a ɗakinsa. Tanko yana noma da jikoki yanzu. Mahaifiyarku ta ci gaba da kawo mini tuwo, amma ta daɗe ba ta zauna kusa ba in ina ci. Yayarku kuwa ta canja lamba, ta canja ɗaki, ta koma wajen gwaggonta, Sallah ta zo ta wuce ba ta zo gida ba. Ni na ce kada ta zo.

Bayan an kai amfanin gona gida na hau mota na je Bici. Na same ta ta rame. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta zauna nesa kaɗan kamar yadda ta saba. Na yi ta neman yadda zan fara, na tambayi karatu, na tambayi gwaggonta. Daga ƙarshe na ce mata na sa ta a gaban mutane ba da izininta ba, kuma in tana riƙe da ni ban ga laifinta ba.

"Har yanzu in babur ya rage gudu a bayana sai in tsaya in waiwaya," ta ce. "Ban san ranar da zan daina ba."

Na ce na sani.

"An turo mini hoton nan, Baba. Wanda kake magana a zauren Liman. Da zagi aka turo shi." Ta ɗauko wayarta daga cikin mayafi, ta riƙe, ba ta kunna ba. "Na goge zagin. Hoton ban goge ba."

Na tambaye ta me za ta yi da abin da ya jawo mata wannan duka. Ta dubi ƙasa, ta ce ita ba duka take kallo ba, akwai wuri ɗaya da take mayarwa baya ta sake ji.

Ban tambaye ta wane wuri ba. Na sha ruwan, na ce mata ta shirya kayanta, gida za mu.